Wai dole sai da ɓeraye maza ake binciken ƙwaƙwalwa?

'Yar Tudun Wada:
Salam 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a Fiziyoloji nan Kaduna, furojet ɗina kan ƙwaƙwalwar ɓera ne, na ce zan haɗa maza da mata sai malamina ya ce a'a, wai homon ɗin matan hawa da sauka yake, zai dagula min sakamako. Abin ya tsaya min a rai wallahi, to maganin da ake gwadawa ɗin mu mata ba ma sha ne? Don Allah a fahimtar da ni.

Ɗan Kawo:
Wa alaikis salam ƙanwata. Hawa da saukar kam gaskiya ne, macen ɓera ba ta al'ada, zagayen barbara take yi duk kwana 4 zuwa 5, kuma idan istrojin, wato homon ɗin mata, ya hau yana tada wasu ƙwayoyin gado a ƙwaƙwalwa ya kwantar da wasu. Tun 1990 Catherine Woolley da Bruce McEwen suka ga 'yan ƙayoyin da ke jikin jijiyoyin hifokamfus, ɓangaren da ke riƙe tunawa, suna raguwa kusan kashi 30 cikin ɗari a kwana ɗaya idan istrojin ya sauka, daga baya su sake tsirowa. Ni a ganina wannan dalilin a bincike su ne, ba na a ajiye su gefe ba. A 2014 su Prendergast da Zucker sun tattara bincike 293, suka ga sakamakon mata bai fi na maza tarwatsewa ba, cusa su keji ɗaya ma ya fi kawo matsalar.

Maman Ilham:
Kuma ba duka ne homon ba fa. Akwai ƙwayoyin gado, Xist a mace kaɗai yake aiki sosai, shi ke rufe ɗaya daga kuromosom X biyu da take da su, Ddx3y kuwa sai namiji tunda kan kuromosom Y yake. Ki gaya wa malam cikin ladabi cewa hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, a 2016 ta fara neman duk mai son kuɗinta ya yi la'akari da jinsi. Kullum da safe, lokaci ɗaya, ki ɗebi ɗan ruwa daga gaban macen ki duba a maikiroskop, siffar ƙwayoyin za ta nuna miki matakin da take cikin matakai huɗu na zagayen, ki rubuta a littafi kamar sati biyu kafin ki fara. Idan ƙananan ɓeraye ne, wato mice, ki nisanta kejin maza, warin fitsarinsu kawai yana juya musu zagayen.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri Anti. Yanzu damuwata kuɗin abincinsu ne, idan na raba matan gida huɗu bisa mataki ai adadin zai ninka. Zan iya ɗaukar mataki biyu kawai, na lokacin da istrojin ke sama da na ƙasa?