Kwalejin Katsina: raini ne ya sa aka gina ta da laka?

Bakatsine: Jama'a, ni dai a ganina raini ne ya sa Turawa suka gina Kwalejin Katsina da laka. A 1909 sun buɗe King's College a Legas, ba da tubalin ƙasa suka yi ta ba. Da aka zo kanmu a 1921 sai aka ce ga ƙasa nan, a kwaɓa. Makarantar da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam fa!

Malamar Tarihi: Yaya, a duba zamanin. Ba a fara yin siminti a Najeriya ba sai 1957 a Nkalagu, kafin nan ta jirgin ruwa ake shigo da shi. Legas a bakin teku take. Jirgin ƙasa kuwa ya iso Kano a 1911, bai ƙarasa Katsina ba.

Bakatsine: To me ya hana su kafa ta a Kano?

Malamar Tarihi: Da gangan ne. Da Gwamna Hugh Clifford ya zo bikin buɗe ta a hukumance a Maris na 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya kawo dalilai biyu: Katsina ta yi suna wajen ilimi da addini, kuma tana nesa da layin dogo da hayaniyar ciniki da za su ɗauke wa samari hankali.

Ɗan Magina: Malam Bakatsine, wallahi maganarka ta sosa mini rai. Tun yaushe laka ta zama abin raini? Hasumiyar Gobarau da me aka yi ta? Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina fa? Tubalin nan da hannu ake mulmula shi, a shanya a rana, a jera shi kai na kallon sama. Bango ya yi kauri a gindi, yana sirancewa in ya hau. Rufi kuma azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a bi waje da makuba, wato shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa, don kada ruwa ya shiga. Ka shiga irin wannan ɗaki da azahar a bazara, sannan ka shiga ajin bulo mai kwano, ka gaya mini inda yaro zai iya karatu.

Bazazzage: Baba, duk mun yarda. Amma an kwashe makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa, kuma ba a koma wa laka ba. In ta fi, don me aka bar ta?

Ɗan Magina: Don tana son kulawa, ɗana. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an share indararo. Hukuma ta fi son ginin da za ta yi ta manta da shi.

Bakatsine: Kun kawo hujja, amma ina nan kan bakana ta wata fuska. An zaɓi abin da ya fi araha, aka ɗebi ɗalibai ƙalilan, aka ce malaman makaranta kawai za a horar. Yankin da ya kai girman Arewa ya fi ƙarfin haka.

Malamar Tarihi: Wannan ƙorafi ne na gaskiya, Yaya, sai dai kan manufar ilimi yake, bangon ba shi da laifi. Ginin yana nan tsaye bayan shekara ɗari, ya zama gidan tarihi.

Bazazzage: To ai sai a shafe shi da siminti a huta da yaɓen.

Ɗan Magina: Kul! Siminti ba ya kama laka. Danshi ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, bangon ya riƙa ruɓewa daga ciki har fulastar ta ɓamɓaro da ƙasar. A nemo maginan gargajiya tun suna raye, a biya su, a haɗa su da matasa su koya a jikin wannan ginin.