Yaya ake dasa ɗigo kowace mita 20 a kan lanƙwasasshen layi a manhajar zane ta AutoCAD?

Ɗan_Zane:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Akwai layin tsakiyar hanya mai tsawon mita 437, da kwana biyu a cikinsa, ana son alama a kowace mita 20 domin safiyo ya kafa turaku. Umarnin OFFSET da COPY, masu kwafin abin da aka zana, suna yi a inda layin ya miƙe, amma da an shiga kwana sai lissafi ya watse. An gwada DIVIDE, tazarar ta fito 19 da 'yan kai. Mene ne daidai?

Injiniya_Kwalbati:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, DIVIDE ba aikinsa ba ne. Shi adadi yake karɓa: ka ce 22, ya raba 437 gida 22, kowane gida ya tashi 19.86. Wanda kake nema MEASURE ne, a taƙaice ME. Rubuta ME, danna layin, rubuta 20, Enter. Zai ba ka ɗigo 21, ragowar mita 17 ta zauna a ƙarshe.

Sai dai ka lura da inda ka danna. Yana fara ƙirge ne daga bakin da ya fi kusa da wurin, ko ta ina aka soma zana layin. Ka danna kusa da ƙarshen hanya, ragowar 17 ɗin ta koma farko, duk turakun sun goce da mita 3, kuma a allo ba za ka ga wani aibu ba.

Kafin nan ka tabbatar layin guda ɗaya ne. Idan gutsattsari ne, miƙaƙƙe daban kwana daban, kowane guntu sabon ƙirge zai fara. Haɗe su da JOIN, ka duba tsawon da LIST. In bai nuna 437 ba, akwai inda bakuna ba su haɗu ba. In kuma zanen a milimita yake, 20000 za ka rubuta.

Ɗan_Zane:
Na gode Injiniya. An yi hakan, amma babu abin da ya bayyana a kan layin.

Hajiya_Taswira:
Suna nan, ƙanena, layin ne ya rufe su, don ɗigon asali bai fi kan allura ba. Rubuta PTYPE ka zaɓi wata siffa, ko kai tsaye ka sa PDMODE ya zama 35, zai fito gicciye a cikin da'ira. PDSIZE kuma, mai saita girman ɗigon, ka ba shi 1, wato mita ɗaya in zanen a mita yake. In ka bar shi a 0, girmansa kashi 5 cikin 100 na tsayin allo ne, sai ya riƙa canzawa duk sanda aka yi REGEN, wato aka sabunta zanen a allo. Kunna Node a cikin OSNAP, saitin da ke sa linzami ya kama daidai wuri, don ka iya cafke su. Kuma ka buɗe musu leya tasu, wato rukuninsu daban a cikin zanen, tun kafin ka fara, in ba haka ba ranar gogewa sai ka bi su ɗaya-ɗaya.

In sandar gicciye kake so maimakon ɗigo, zana ɗan layi a tsaye, ka mai da shi bulok, wato siffar da aka adana da suna don a riƙa sakawa, mariƙinsa a tsakiya. Cikin MEASURE ka zaɓi Block, ka rubuta sunansa, da ya tambayi Align ka ce Yes. Kowace sanda za ta juya da kwanar. In ka zana ta a kwance, kan hanyar za ta kwanta ta ɓace.

Safiyo_Tsoho:
Duk abin da suka faɗa haka yake. Saura na fili, don a nan ake samun gardama tsakanin ofis da masu tef.

Kwana kamar bakan harbi take: MEASURE bakan yake aunawa, tef kuwa tsirkiya. Mita 20 ɗin da ya ba ka ta bi lanƙwasar ce, mai jan tef daga turke zuwa turke kuma miƙewa yake yi. A kwanar da nisan cibiyarta zuwa layin ya kai mita 200, tsirkiyar 19.992 ce, bambancin milimita 8, ba wanda zai kula. A ta mita 50 kuwa 19.867 ce, santimita 13 a kowane turke. Turaku biyar, an haura rabin mita. Saboda haka kada ka miƙa wa safiyo tazara kawai, ba shi lambobin X da Y na kowane ɗigo. DATAEXTRACTION zai fitar da su zuwa Excel, amma ka duba jerin, ba lallai su fito bi da bi kamar yadda suke a hanya ba.

Layi mai tudu da gangare, wato 3DPOLY, shi ma tarko ne: ta kan gangaren ake aunawa, a shimfiɗe tazarar ba za ta cika 20 ba. Yi kwafi, ka baje shi da FLATTEN, ka auna a kan kwafin.

Injiniya_Kwalbati:
Baba Safiyo ya tuna min da wani abu. In hanyar ba daga sifili ta fara ba, a ce daga 0+007, wato mita 7, turken farko yana mita 13 ne daga baki. Yi MEASURE da 13 a kan kwafi, riƙe ɗigon farko ka goge sauran, yanke layin a wurin da BREAK, sannan ka auna 20 a kan dogon guntun, kana danna kusa da inda ka yanke.