Cessna 172 mai awa 12,300: in saya ko in bari?

Sabon Matuƙi: Assalamu alaikum. An yi mini tayin ƙaramin jirgin sama, Cessna 172N ƙirar 1978, jikinsa ya yi awa 12,300, akasari a makarantar koyon tuƙi. Injin ya yi awa 1,400 tun garambawul. Makon nan ake jiran amsata.

Bakanike: Wa alaikumus salam. 172 ba shi da iyakar awa a jiki. Tsatsa ce abar tsoro. A cire duk murafun dubawa na fuka-fuki, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a duba bangon bayan injin inda ƙafar gaba take kamawa, nan saukar 'yan koyo ke barin lanƙwasa. Layukan ƙarfen da kujera ke tafiya a kansu kuma ana duba su kowace awa 100, domin kujera na iya zamewa baya a lokacin tashi.

Kyaftin: Kada a raina awa. A 2018 fiffiken wani jirgin makaranta ƙirar Piper Arrow ya cire a sama a Daytona Beach ta Amurka, mutum biyu suka rasu. Tsagewa ce ta gajiyar ƙarfe a ramin noti, daga yawan tashi da sauka. Daga nan FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ta wajabta gwajin wutar lantarki a ramukan. Jirgin Piper Tomahawk ma awa 11,000 ce iyakar fiffikensa.

Bakanike: Yallabai, 172 ya tambaya. Fiffikensa yana da tokara, ƙirar daban ce.

Kyaftin: Matuƙi ne ke hawa, ba mai sufana ba.

Mai Lissafi: Injin nan O-320-H2AD ne, an san shi da cin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin. Awa 2,000 ko shekara 12 Lycoming, kamfanin da ya ƙera injin, ya tsara kafin garambawul, saura 600 ke nan. A yanka matatar man injin a nemi ɓurɓushin ƙarfe. Garambawul zai ci kusan rabin kuɗin jirgin.

Ɗan Hanga: Rabi ya yi yawa, Malam, sai in sabo za a ɗora. Jirgi ya girmi mai tambaya, a fara gaishe shi tukuna!

Mai Lissafi: In kamshaf ya tafi, lissafinka ya rushe.

Kyaftin: Abin da ya fi ci mini rai littattafan gyara ne. Sai ka ga an sa hannu a duban shekara a layi biyu, ba a kwance ko sukuru ɗaya ba, sannan a fesa sabon fenti a kan tsatsa. Kada ka yarda makanikin mai sayarwa ya yi maka duban.

Sabon Matuƙi: To littafin farko ma ya ɓata, daga 1978 zuwa 1985. Wannan fa?