Neman kalma: yaya za mu ce "indigénat" da Hausa?

Mai Shiri:
Assalamu alaikum malamai. Don Allah a taimaka mini, ranar Alhamis da safe zan naɗi shiri, kuma kalma ɗaya ta hana ni barci. Shirin a kan mulkin mallakar Faransa ne a ƙarni na 19, tun daga kama birnin Aljiyas a 1830 zuwa kafa Afirka ta Yamma ta Faransa a 1895. Masanin da na yi hira da shi ya ambaci "indigénat" ya fi sau goma. Da farko na rubuta "dokar 'yan ƙasa", na ci gaba abina, sai na iso inda yake cewa a dokar Faransa "indigène" ba "citoyen" ba ne. Fassarata ta fito haka: ɗan ƙasa ba ɗan ƙasa ba ne. Na karanta wa yaron da ke haɗa mini sauti, ya ɗago kai ya ce, "Anti, kacici-kacici ne?" Ina neman abin da zai shiga baki, wanda mai sauraro zai gane ko yana tuƙi ko tana wanke-wanke.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. "Dokar 'yan asali" mana Hajiya. An gama.

Malamin Tarihi:
Ba a gama ba. A Najeriya "ɗan asali" abin nema ne. Mutum sai ya yi kwana biyu yana zirga-zirga tsakanin gidan mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma don ya samu takardar ɗan asali, saboda da ita ake shiga makaranta, da ita ake neman aikin gwamnati. Duk wanda ya ji "dokar 'yan asali" zai ɗauka gata aka yi musu.

Ga yadda abin yake. A 1865, zamanin Napoliyon na Uku, aka yi doka cewa Musulmin Aljeriya Bafaranshe ne, amma ba shi da haƙƙin cikakken ɗan ƙasa sai ya nema, ya kuma yarda ya bar shari'ar Musulunci a sha'anin aure da gado. Kaɗan ne ƙwarai suka nema. A 1870 dokar Crémieux ta bai wa Yahudawan Aljeriya wannan haƙƙi a dunƙule, aka bar Musulmi. Sai dokar "indigénat" ta 28 ga Yuni 1881 a Aljeriya, wadda ta bai wa jami'in mulki, ba alƙali ba, ikon ɗaure mutum ko cin tararsa nan take, a kan abubuwan da idan Bature ya yi su ba laifi ba ne: barin yankinka ba takardar izini, taro ba izini, jinkirin biyan haraji, faɗa wa ma'aikacin hukuma maganar da shi ya ga ta raini ce. Shekara bakwai aka ce za ta yi, aka yi ta sabunta ta. Daga 1887 aka kai irin wannan tsari Senegal da wasu wuraren, har ya zama a Afirka ta Yamma jami'i na iya ɗaure ka kwana 15 ya ci ka tarar faran 100. Sai 1946 aka soke shi gaba ɗaya.

Kuma Hajiya kada ki ce "kundi". Masu nazari na yanzu, irin su Gregory Mann da ya yi rubutu a kai a 2009, suna jaddada cewa babu wani littafi guda da za ki ɗauko ki ce ga shi. Tarkacen umarni ne da kowace ƙasa ke da nata, ana ƙari ana ragi.

Baban Nahawu:
Madalla da Malam, amma tarihi ya ba mu, ba kalma ba. Ni ga tawa: AGOLANCI. Ku dubi dokar 1865 da ya kawo. An ce kai ɗan gida ne, za ka ci tuwon gidan, za a aike ka, za a dake ka idan ka yi laifi, amma ranar rabon gado sunanka ba ya ciki. Wane ne wannan in ba agola ba? Ginin kalmar kuma lafiya lau: ɗa ya ba mu 'yanci, bawa ya ba mu bauta, agola zai ba mu agolanci. Gaɓa huɗu, ba aron kowa. "Indigène" agola, "citoyen" ɗan gida. Na gwada da ɗalibaina shekara biyu, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarta.

Uwar Biyu:
Baba ta yi daɗi a kunne, amma ka juya labarin. Agola uwarsa ce ta kawo shi gidan wani. Su kuwa mutanen Aljeriya a gidan ubansu suke, baƙo ya shigo da bindiga ya zauna a turaka. Idan ka kira su agola ka miƙa wa Bafaranshe gidan kenan.

Baban Nahawu:
'Yata, gidan da nake nufi daular Faransa ce, ba ƙasar Aljeriya ba.

Uwar Biyu:
To ai sai ka shiga kowace mota ka yi wa direba wannan bayanin.

Ustaz:
Larabawan Aljeriya da abin ya faɗa wa "ƙanunul ahali" suke cewa. Me zai hana "dokar ahali"?

Mai Shiri:
Ustaz, matan da ke sauraro za su ɗauka maganar ciyarwa da rabon kwana zan yi.

Badamagare:
Ina ta kallonku tun ɗazu. Kuna neman suna ga abin da kakanninku ba su ɗanɗana ba, mu da aka yi wa ba ku tambaye mu ba. Faransawa sun shiga Damagaram a Yuli 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma ragowar rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ce, wadda ta ƙone Birnin Ƙonni a wannan shekarar. Daga nan har 1946 ƙarƙashin wannan abin aka zauna. Kakana ya sha ba mu labarin ranar da yana saurayi ya taho bisa jaki da dammunan gero, bai ankara ba ashe kumandan ne tafe. Bai sauka da wuri ba. Gardi, wato dogaran kumandan, suka sauko da shi, aka kai shi kaso, ya yi kwanakinsa yana ɗibar ruwa da sharar bariki, jakin yana ɗaure a bakin ƙofa, geron kuwa bai ƙara ganinsa ba. Ba alƙali, ba shaida, ba wanda ya tambaye shi komai. Bai taɓa cewa "indigénat" ba. Abin da yake cewa shi ne "zamanin kumandan". Saboda haka ni tawa: DOKAR KUMANDAN. Kuma faran 100 ɗin da Malam ya faɗa, a bakinmu dala 20 ce, ku tambayi tsofaffi abin da dala ɗaya ke saye a lokacin.

Baban Nahawu:
Allah ya jiƙan kaka. Amma kumandan, gardi, kaso, duk a saƙo ɗaya? Wannan ai Faransanci ne aka sa wa hula. Mu kalmar Hausa muke nema.

Badamagare:
Baba, da girmanka. Gwamna fa? Razdan, joji, kotu, lauya? A wace gonar Kano aka shuka su? Naku aron ya zama "daidaitacciyar Hausa", namu ya zama gurɓata. Mu ce lanho ku yi dariya, alhali harajin naku ma daga Larabci kuka ɗauko. Kuma "gidan kaso" kafafenku na Najeriya sun daɗe suna faɗa, ba ku ma san daga wurinmu ta tsallaka ba.

Ɗan Kwari:
To fa. An taɓo inda yake yi wa mutanen Nijar ƙaiƙayi.

Baban Nahawu:
Ba raini ba ne. Ma'auni ɗaya ake bi, kuma littattafai da ƙamus a kan Hausar Kano aka gina su. In kowa zai shigo da abin da Baturensa ya bari, nan da shekara hamsin sai mun nemi tafinta tsakanin Katsina da Maraɗi.

Badamagare:
Tsakanin Katsina da Maraɗi babu tafinta sai kwastan. Kuma ku da kuke rubuta 'y da waƙafi kamar an manta harafi, mu muna da ƴ cikakkiya.

Uwar Biyu:
Jama'a, baiwar Allah Alhamis take da shiri. Ni dai "dokar wariya" na gani.

Malamin Tarihi:
"Wariya" Afirka ta Kudu ta riga ta cinye ta, da an ji ta can hankali zai tafi. Kuma ba launin fata kaɗai ba ne ma'aunin. 'Yan asalin garuruwa huɗu na Senegal, Saint-Louis, Gorée, Rufisque da Dakar, baƙaƙe ne, yawancinsu Musulmi, amma wannan tsarin bai hau kansu ba, har ƙuri'a suke jefawa. Da ƙuri'unsu Blaise Diagne ya shiga majalisar Faransa a 1914. Ɗan'uwansu da aka haifa a ƙauyen da ke bayan gari kuwa, kumandan na iya kulle shi.

"Dokar kumandan" ta burge ni, don ta nuna mai riƙe da sandar. Matsalarta ɗaya. Kumandan na Afirka ta Yamma ne, inda ko farar hula ne ke riƙe da gunduma haka ake kiransa. A Aljeriyar 1881 kuwa, inda yawancin shirin Hajiya yake, ba wannan sunan jami'in ke ɗauke da shi ba. Ni da zan ba da shawara, a raba matsalar biyu. Mutumin: "talakan mallaka", a ma'anar talaka ta asali, wanda ake mulka, kamar yadda ake cewa sarki da talakawansa. Kishiyarsa "cikakken ɗan ƙasa". Tsarin kuma: "hukunci ba shari'a".

Ɗan Kwari:
Talaka yanzu ai mara kuɗi ne Malam. Attajirin Aljeriya fa?

Malamin Tarihi:
Shi ma talakan mallaka ne. In ta faɗa sau ɗaya tare da wannan misalin, za ta zauna.

Baban Nahawu:
"Tsarin hukunci ba shari'a a kan talakawan mallaka." Kalma takwas a madadin ɗaya. Wannan ba fassara ba ce, wa'azi ne. Ta faɗe shi sau goma, lokacin shirin ya ƙare.

Mai Shiri:
Na gode ƙwarai malamai, Allah ya saka. Ga abin da na tsayar, don dare ya yi. A farkon shiri zan faɗi kalmar Faransancin sau ɗaya, in bi ta da dogon bayanin Malam. Daga nan sai in riƙa cewa "hukunci ba shari'a" kawai. Jimlar da ta hana ni barci ta koma: talakan mallaka ba cikakken ɗan ƙasa ba ne. Idan shirin ya iso Nijar a kashi na gaba zan ce "dokar kumandan", kuma Yaya Badamagare ina roƙon izinin ba da labarin jakin, ba tare da suna ba.

Badamagare:
Na ba ki ƙanwata. Amma ki ce kaso, kada ki mayar mini da shi kurkuku.

Baban Nahawu:
Ba komai. Ba yau aka fara ƙin abin gida ba. Ni dai a ajina agolanci ce, kuma ba zan canza ba.

Malamin Tarihi:
"Hukunci ba shari'a" ma bai ɗauko tarar da ake ɗora wa gari guda ba, ko tsare mutum shekaru a nesa da garinsu. Amma na rediyo ne, a bar shi haka.

Mai Shiri:
An naɗa yau da safe, Alhamdulillahi. Sau biyu harshena ya sarƙe a "talakawan mallaka", sai da muka sake. Baba, kada ka ce ban faɗa maka ba: na karanta wa yaron sautin muhawarar taku, kuma da aka ce ya tsaya aikin dare ba alawus, sai na ji shi a bakin ƙofa yana cewa shi fa ya gaji da wannan agolancin.

Baban Nahawu:
Ki gaishe mini da shi. Ki tambaye shi ko ya nemi bayani kafin ya gane.