Kafin ka kai waƙoƙinka masana'antar faifan CD

A wata tattaunawa da aka yi kan buga faifan CD, shawarar da ta fi yawa ita ce mawaƙi ya saurari kwafin ƙarshe na sautinsa da kunnen basira kafin ya miƙa shi. Dalili kuwa, masana'anta tana zana sautin ne da hasken leza a kan faifan gilashi, daga nan a samar da hatimin ƙarfen nikel, sai a narka roba a matsa ta a jikin hatimin. Kuskure ɗaya da ya shiga hatimin zai fito a kowane faifai, kuma gyara yana nufin sabon hatimi.

An kuma ja kunne kada sautin ya wuce minti 80, domin kusan iyakar abin da faifan ke ɗauka ke nan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne batun ƙarzanewa. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, amma shafen alminiyon da ke mayar da hasken lezar na'urar kunna faifai yana can sama, ƙarƙashin siririn fenti da zanen suna. Don haka ƙarzanewar gefen rubutu ta fi ta ƙasa illa.

Mai buƙatar faifai kaɗan, an ce ya kwafa a CD-R, wato faifan da ake iya ɗora wa sauti da kwamfuta, domin kuɗin hatimi bai cancanci 'yan tsiraru ba.