Matashin kai na kujerar mota ya daina hawa da sauka: wa ya taɓa gyarawa da kansa?

Mai Marsandi, Barnawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Marsandi W124 gare ni, wadda muke ce wa V-boot, matashin kai na kujerar direba ya maƙale can ƙasa, in na danna maɓallin jikin ƙofa ina jin moton lantarkin da ke ɗaga shi na kuka zuuu amma ko motsi. Ni kuma dogo ne, a wuya yake tsaya min, kuma hanyar Zariya nake bi kullum, in aka buge ka ta baya shi ne zai tare maka kai. An ce in sayi moto sabo, wa ya taɓa shiga wannan?

Baban yara, Malali: Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka sayi komai tukuna, tunda yana kuka ai moton lafiyarsa ƙalau. BMW E39 ɗina haka ta yi. Akwai wata waya mai juyawa tsakanin moto da giyar da ke ɗaga matashin, irin ta sifidomita ta da, bakinta mai kusurwa huɗu, tana cikin bututun roba. Da tsufa da zafin garin nan robar ke miƙewa sai wayar ta kasa kaiwa cikin moto, shi ya sa yake juyawa a banza. Na cire murfin bayan kujera, na zare bututun daga moto, na gasa ƙarfen bakinsa da laita har ya saki, na yanke robar kamar santimita 1, na sake gasawa na mayar. Da na duba sai ga bakin wayar ya leƙo sosai, na goga giris na haɗa, shike nan har yau.

Rewaya, Kurmin Mashi: Gaskiya ne ranka ya daɗe, haka muke yi. Wasu guntun ƙarfe suke jefawa cikin ramin moto ya turo wayar, yana yi amma yankan ya fi daɗewa. Sai dai don Allah a cire kan batir kafin a taɓa kujera, a ɗan jira, musamman motocin da ke da iyabag, wato jakar iskar da ke buɗewa in an yi haɗari, a gefen kujera. Soket mai ruwan ɗorawa na iyabag ne, ba a sa masa fitilar gwaji ko kaɗan.

Hajiya, Unguwar Rimi: Tawa shiru ne gaba ɗaya babu kuka, ƙanena ya duba fiyus lafiya, ashe maɓallin ne ƙurar hunturu ta cika. Ya fesa maganin wanke soket ya yi ta dannawa, ya dawo.

Mai Marsandi, Barnawa: To in shiru ne kuma maɓalli lafiya fa malam?

Rewaya, Kurmin Mashi: Sai ka zare soket ɗin moton ka ba shi wuta 12V kai tsaye, in ka juya wayoyin biyu zai juya ta ɗaya ɓangaren. In bai motsa ba to ya mutu, ka nemi na Beljiyam a Panteka ko Oriakpata, ka tafi da tsohon a hannu kuma a gwada a gabanka.

Ɗan Kawo: Nawa ƙas-ƙas-ƙas yake yi, da na buɗe haƙoran giyar roba ne suka karye har ɓurɓushi a cikin kujera. Na liƙa da gam bai riƙe ba sam, sai da na samo giyar daga tsohuwar kujera. Kuma masu zama a baya su daina kama matashin suna fita, shi ke karya shi.

Mai Marsandi, Barnawa: Alhamdulillah na buɗe bayan la'asar, wayar ce ta shige ciki kamar yadda Baban yara ya faɗa. Na yanke na mayar, yana hawa har sama. Allah ya saka da alheri. Na fasinja ma na ji ya fara tsallake, ranar Asabar zan buɗe shi.