Wai ramin jitar Willie Nelson tsufa ne ko talla?

Sani Mai Kaset: Jama'a ni fa na daɗe ina faɗa, ramin nan na jikin jitar Willie Nelson, mawaƙin country ɗin nan na Amurka, burga ce kawai. Mutum da kuɗinsa a ce tun 1969 jita ɗaya yake ja, duk ta rarake kamar ƙwaryar da akuya ta taka? Talla ce wallahi, don dai a riƙa zancensa.

Bashir: Haba Yaya Sani, ka duba jitar da kyau mana. Martin N-20 ce, mai tsirkiyar nailan, irin wadda aka yi don kaɗawa da yatsa, shi ya sa ba a liƙa mata robar nan mai kare katako ba, shi kuma gogan da ɗan tsinken roba yake bugunta, sama da shekara 50 yana kankarar wuri ɗaya a ƙasan tsirkiya, to ko turmi ne ai sai ya huje.

Malam Ilu: Bashir ya yi gaskiya. Kuma ba zaɓenta ya yi don ado ba. Jita ƙirar Baldwin gare shi da farko, wani mashayi ya take ta a wurin wasa a Texas, ya aika wa Shot Jackson, mai gyaran jita a Nashville, ya gyara, aka ce ta wuce gyara. Shi ne ya sayar masa da wannan dala 750, ya ciro na'urar ɗaukar sauti daga tsohuwar ya dasa a sabuwar. Sautin Django Reinhardt, gwanin jitar jazz, yake nema, ya kuma samu.

Sani Mai Kaset: Na ji Malam, Allah ya ƙara sani. To me ya hana a toshe ramin?

Bashir: Akwai mai duba ta a Austin, Mark Erlewine, yana tallafe katakon ta ciki kar ya rufta, amma toshewa kam mai abu bai yarda ba.

Sani Mai Kaset: Yawwa!! ka ga ka dawo layina. Ya ƙi a toshe, ya raɗa mata suna Trigger sunan dokin Roy Rogers jarumin finafinan kaboyi, ya bar mutane sama da 100 sun sa hannu a jikinta tun daga mawaƙi Leon Russell, sannan ku ce min ba talla ba?

Anti Rabi: Sani in talla kake nema je ka kalli ta mawaƙi Buck Owens, ja da fari da shuɗi kalar tutar Amurka, yana riƙe da ita a shirin talabijin na Hee Haw, har aka buga irinta masu araha ana sayarwa a kantunan Sears. Ko ta Jimmie Rodgers da aka rubuta sunansa a wuyanta, a baya kuma kalmar godiya, in ya gama waƙa ya juya ta ga 'yan kallo. Waɗannan ne kwalliya. Ni dai Don Williams na taso ina ji a rediyon babanmu, ban ma damu da Willie ba, muryarsa ta hanci ba ta min, amma wannan jitar ba ta yi kama da abin nuni ba.

Malam Ilu: A 1990 da hukumar haraji ta Amurka ta kwashe masa kadarori kan bashin miliyoyin daloli, 'yarsa Lana ya sa ta ɗauke jitar tun kafin su iso, ta aika masa Hawaii. Da gidansa na Ridgetop a Tennessee ya kama da wuta kuwa, cikin gobarar ya kutsa ya fito da ita. Wa zai shiga wuta saboda talla, Sani?

Sani Mai Kaset: Malam a yi min afuwa, amma a ƙarasa labarin mana, ai ba jitar kaɗai ya fito da ita ba, har da ƙunshin wiwinsa 😂

Anti Rabi: Kai Sani, Allah ya shirye ka.

Bashir: Yaya ba ka dai amsa tambayar Malam ba har yanzu, muna jira.